Yaran da Ke Cikin Sito

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, kuma ba na jin zan manta da ita har in koma ga Ubangijina. Duk lokacin da aka tara sababbin malamai irinku a nan Wurno aka ce in nuna musu yadda ake koyarwa ta intanet, da labarin ranar nake farawa kafin in taɓa kwamfuta. Waɗansu abokan aiki sukan ce ina firgita ku tun ba ku kama aiki ba. Ni kuwa na fi son ku ji tsoron a nan, kuna zaune bisa kujera, da ku yi karo da shi ba shiri.

Sunana Malam Sahabi. A lokacin ina babban malamin kimiyya a wata sakandaren gwamnati cikin garin Rabah. Babban malami shi ne wanda ya daɗe a aiki har aka ba shi kula da sauran malaman fanninsa. Sama da shi akwai mataimakin firinsifal mai kula da karatu, sai firinsifal, sai ofishin shiyya da ke sa ido a kan makarantun yankin. Firinsifal ɗinmu Alhaji Labbo ne, dattijo mai sanyin magana wanda ya kusa ritaya.

Kun san halin da ƙauyukanmu suka shiga. Tun da 'yan bindiga suka fara tare hanyoyi, malamin da aka tura ƙauye sai ya yi ta neman a canza masa wuri, kuma ba mai ganin laifinsa. Makarantu da yawa suka wayi gari ba malamin kimiyya ko na lissafi. A kan haka aka kawo wani shiri: malami ɗaya ya tsaya a gari ya koyar da azuzuwa biyu ko uku lokaci guda. Aka ba kowace makaranta sola da batir, da ɗan akwatin da ke kamo intanet, da kwamfutar hannu, da lasifika. Mu na gari aka ƙara mana kwamfuta babba da majigi mai haska hoto a bango.

Abubuwa biyu muke aiki da su. Na farko kiran bidiyo, inda kowane aji ke ganin sauran yana jin su. Wanda ya buɗe kiran shi ne mai gida: yana iya rufe makirufon kowa, yana iya hana a sake buɗewa, yana iya fitar da mutum. Na biyu shafin rubutu na haɗin gwiwa. Shafi ɗaya ne a intanet, amma kowa yana rubutu a cikinsa daga inda yake, kuma harafin da ka buga nan take na Goronyo zai gan shi. Kowane mai rubutu yana da 'yar alama mai ƙyaftawa da sunansa a kanta. In ka ga alamar mutum, yana nan. In ta ɓace, ya fita ko sabis ya ɗauke.

Ni aji uku na ƙaramar sakandare nake ɗauka a wuri uku: nawa na Rabah, da wani a Goronyo wanda Malam Ɗahiru ke tsaya wa, da wani a wani ƙauye can bayan Gandi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Wadda ke tsaya wa ajin can ita ce Malama Saratu, 'yar garin ce, matar aure mai 'ya'ya, Hausa da addini ta karanta. Aikinta a darasina shi ne ta ajiye kwamfutar hannun bisa tebur tana kallon yara, ta raba musu kayan gwaji, ta riƙa shigar da amsoshinsu a shafin da wayarta. Mun shafe zango biyu muna aiki tare, ban taɓa ganinta ido da ido ba.

Ranar darasin tace ruwa muke yi. Kowane rukuni ya yanke gorar roba, ya jera ƙyalle da gawayi da yashi da tsakuwa, ya zuba ruwan tabki, ya rubuta abin da ya gani. Hantsi ya yi, yara sun sake, ana ta gasa. Na ƙauye suna ɗaga gorarsu gaban kyamara suna cewa nasu ya fi fari, na Goronyo suna cewa ai ruwan rijiya suka zuba tun farko. Malama Saratu tana dariya tana cewa, "Malam, ka shaida, ni da hannuna na ɗebo shi ga tabki."

Sai na ji wata ƙara, tas, tas, kamar ana fasa busasshen kara. Na ɗauka sabis ne ke wasa da mu, don yakan yi haka in hadari ya taso. Har na buɗe baki zan ce Malam Ɗahiru ya duba wayarsa. Amma na ga Malama Saratu ta juya wajen taga, dariyar ta tsaya mata a fuska. Daga nan muka ji kukan babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Muryar wani tsoho ta taso daga waje, Baba Jatau mai gadin makarantar, yana cewa, "Malama! Sun shigo! Ɓoye ɗiyan mutane!"

Abin da ya biyo baya a bangon ajina muka gan shi, ƙato, da majigi. Manyan maza 'yan ajin suka dira ta tagogi suka faɗa cikin gero, don gonaki sun zo har gindin ginin. Sauran, galibi mata da ƙanana, suka cure wuri guda suna kuka. Malama Saratu ba ta yi ihu ba. Ta buɗe wata ƙofar ƙarfe a kusurwar bayan aji, ta sito inda ake ajiye littattafai da karyayyun kujeru, ta riƙa tura su ciki tana cewa, "Ku kwashi takalmanku. Maza. Kowa shi kama bakinai." Ta shiga ƙarshe, ta ja ƙofar, muka ji mukulli ya juya.

Aji ya zama wayam. Benci a kife, gorunan ruwa suna ɗiga bisa tebur, ƙofar waje a buɗe tana nuna ɗan yankin fili.

Nawa ajin kuwa ya kaure. Yara suka miƙe suna salati, waɗansu suna kuka da ƙarfi. Da yawansu 'yan ƙauyukan yankin ne da iyayensu suka kawo su gari. Wata yarinya, Hafsatu, ta taho da gudu har jikin bango tana dukan hoton da tafin hannu tana kiran, "Nana! Nana!" Ƙanwarta tana cikin waɗanda aka tura sito.

A nan ne wani abu ya faɗo mini a rai. Lasifikar can a kunne take, kuma mun ƙure mata murya saboda ƙarar ruwa bisa kwano. Duk wannan ihun na yarana, da sunan Nana da ake kira, yana fita daga ajin da babu kowa, yana tashi cikin makarantar da 'yan bindiga ke dosowa. Mu da bakinmu muke kiran su.

Na faɗa kan kwamfuta. Na kuskure maɓallin, na sake dannawa, makirufonmu ya rufe. Na rufe na Goronyo. Ban kai ga ajiye numfashi ba sai ga Malam Ɗahiru ya sake buɗe nasa, muryarsa ta fito raɗau: "Malam Sahabi, mi ya faru? Malama Saratu, kina ji na?" Bai san abin da yake yi ba, bawan Allah, shi ma ruɗewa ce. Na rufe shi, na hana kowa buɗewa, na kira shi a waya na ce, "Ɗahiru, kak ka ƙara magana. Lasifikarsu na kunne. Fitar da yaranka, kuma kowa shi ɗauke hannu ga shafin." Na ji ya ce innalillahi, ya kashe.

Sai na tuna da fuskar kwamfutar hannun da ke bisa teburinsu. Duk wanda ya shigo zai ga aji cike da yara suna kallonsa, ya gane ana ganinsa. Na kashe kyamararmu, na fitar da Goronyo daga kiran gaba ɗaya, na cire shafin da nake haskawa. Yanzu abin da ke fuskarta baƙi ne kawai da ɗan harafi a tsakiya. Mu muna gani muna ji, can kuwa kamar a kashe take.

Alhaji Labbo ya shigo, hula a hannu, ihun ya kawo shi. Ya dubi bango, ya dube ni. Na gaya masa a taƙaice. Ya ce, "Kashe abin ga, Malam. Yara ba su kallon wanga."

Na ce, "Ranka shi daɗe, majigin zan kashe. Kiran in na yanke shi, ba mu da ido can."

Ya ce, "To. Kai zauna nan. Ni zan nemi jami'ai."

Ya sa malamai mata suka kwashe yara zuwa wani aji. Hafsatu ta ƙi fita, ta riƙe ƙafar tebur. Alhaji ya durƙusa gabanta da girmansa ya ce, "Ɗiyata, in kin zauna, ba kuka, ba kallo. Kin iya?" Ta gyaɗa kai. Aka zaunar da ita bakin ƙofa tare da wata malama, ta ba ni baya. Shi kuma ya fita baranda yana kiran baturen 'yan sanda, yana kiran ofishin shiyya, yana kiran duk wanda ya sani mai lambar sojojin da ke yankin. Ina jin yana maimaita sunan ƙauyen, yana kwatanta hanya. Damina ce, hanyar ta lalace. Kowa ya san ba yanzu za a isa ba.

Na ɗauki wayata zan kira Malama Saratu, har na nemo sunanta, sai na ajiye kamar na taɓa wuta. In wayar ta yi ƙara cikin siton fa? Na leƙa baranda na ce wa Alhaji a hana kowa kiranta, har mijinta in an same shi. Na dawo na zauna ban san abin yi ba. Idona ya kai kan shafin darasi, sai na ga alamarta tana ƙyaftawa ƙarƙashin amsar rukuni na biyu. Haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, da kurakurai, tana gogewa tana sakewa.

"Malam kana nan?"

Na rubuta, "Ina nan. Na rufe murya. Ina ganin ajin."

"Muna sito. Duhu. Ban ganin komi. Mi kake gani?"

"Ba kowa cikin aji. Rage hasken wayarki. Ki cire mata ƙara."

"Na cire. Ka riƙa gaya mani."

Haka aikina ya koma. Rabin fuskar kwamfuta ajin ne, rabi shafin. Harbi yana tashi can cikin gari, wani lokaci kusa, wani lokaci nesa. Ana jin kukan shanu da ihun mata. Ni kuwa ina zaune a Rabah, fanka tana juyawa bisa kaina, mai tallan gyaɗa tana wucewa bayan katanga. Ban taɓa jin na tsani lafiyar da nake ciki ba sai ranar.

Inuwa ta gitta a bakin ƙofar ajin. Na rubuta, "Suna zuwa. Shiru."

Mutum biyu suka shigo. Na farko dogo ne, ya naɗe fuska da rawani, bindiga rataye a ƙirji. Na biyu gajere, yana ɗingishi, ƙafar wandonsa ta jiƙe da jini. Dogon ya bi tsakanin benci yana shurin jakunkuna. Ya ɗaga gora ɗaya ta gwajinmu ya duba, ya yar. Ya leƙa taga ya ce, "Sun shige gero." Sannan ya juya, ya nufi kusurwar baya.

Ku da kuke saurare, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ina ganin bayansa, ina ganin ƙofar ƙarfen, na san abin da ke bayanta, kuma tsakanina da shi tafiyar sa'o'i ce. Yatsuna suna bisa maɓallai amma ba abin da zan rubuta wanda zai tare shi. Na rubuta dai, "Shina bakin ƙofarku. Kak wanda ya motsa." Ya kama mariƙin ya girgiza. Ya sa ƙafa ya doka, ƙarar ta cika kunnena. Ya sake dokawa. Bakina yana karanta duk addu'ar da ta zo, ban ma san wacce nake yi ba. Daga baya malamar da ke tare da Hafsatu ta ce mini ta ga rigata ta manne a bayana kamar an watsa mini ruwa.

Dogon ya sauke bindigar daga kafaɗa yana duban wajen mukullin. Sai aka ƙwala kira daga waje, ana cewa a zo a kora shanu. Ya yi tsaki, ya fita da sauri.

Gajeren bai bi shi ba. Ya ja jiki ya zauna bisa bencin da ke daf da ƙofar siton, ya jingina bindigarsa, ya yage ƙyallen da muka tace ruwa da shi ya fara ɗaure ƙafarsa. Ba ya magana, ba ya nishi. Harbin gari ya lafa. Baburan da ke fili suka tashi, ƙararsu ta yi nisa. Wanda ke cikin sito ba abin da zai ji sai shiru.

Alamarta ta motsa. "Sun tahi. Na ji babura. Wata yarinya numfashinta na sarƙewa, ba iska. Zan buɗe."

Na buga da dukan yatsuna, "A'A. KAK KI BUƊE. Guda na zaune jikin ƙofa."

Ba amsa. Alamar tana ƙyaftawa kawai. Ban sani ba ko ta karanta, ko ta riga ta sa wayar a aljihu ta kai hannu ga mukulli. Na sake rubutawa, na sake, layi bayan layi, kalma ɗaya: a'a, a'a, a'a. Idona yana kan mariƙin ƙofar, ina jiran in ga ya motsa. Na yi tunanin in buɗe makirufo in yi ihu, ko mutumin zai juyo kaina ya bar ƙofar. Na san in na yi haka zai gane akwai wanda ake karewa. Na cije hannuna.

Can sai ga rubutu. "Na gani. Hannuna na bisa mukulli."

Na kifa kaina bisa tebur na ɗan lokaci, sannan na ɗago. Na rubuta mata ta zaunar da yarinyar a miƙe, ta sassauta mata hijabi, ta kai ta wajen ƙasan ƙofa ko wata kafa da iska ke shigowa, sauran su ja baya. Ta ce akwai 'yar kafa sama kusa da rufi, za ta ɗora ta bisa tarin littattafai. Na ce a hankali, kada wani abu ya faɗi. Ban tambaye ta sunan yarinyar ba. Ina tsoron amsar, ga Hafsatu zaune bayana.

Mutumin ya gama ɗaurin. Ya ɗauki wata gora ya shanye ruwan da ya taru a gindinta. Ya miƙe yana dafa benci, ya waiga, sai idonsa ya sauka kan tebur. Ya taho yana ɗingishi har fuskarsa ta cika mini kwamfuta. Rawaninsa ya zame. Saurayi ne, gemu bai gama fito masa ba, idanunsa jajaye, leɓensa a bushe. Ya ƙura wa abin ido, ni ma ina kallonsa, kamar tazarar hannu ce tsakaninmu. Na san ba ya ganina, amma wallahi na ja da baya har kujerata ta yi ƙara, kuma na riƙe numfashi kamar zai ji. Tsorona kada ya shafa fuskar, wani abu ya buɗe.

Ya fizge wayar lasifika, ya ɗaga kwamfutar. Hoto ya juya, na ga rufin kwano, na ga ƙasa, sai duhu. Ya cusa ta cikin jaka. Sauti bai yanke ba. Na ji takunsa, na ji yana jan wani abu daga bisa kantar ajin. Na gane akwatin intanet ne da batir ya gano. Na yi maza na rubuta, "Ya ɗauke kwamfuta. Ban gani yanzu. Kak ki buɗe sai kin ji muryar wanda kika sa—"

Ban ƙarasa ba kiran ya yanke. Na dubi shafin. Alamarta ta ɓace, don wayarta ma daga akwatin take samun intanet.

Wannan zaman da ya biyo baya ya fi mini duk abin da ya gabata wuya. Da ina gani, ko ba komai ina da abin yi. Yanzu ban san ko ta ga saƙon ba, ban san ko ya tafi ba, ko ya kira sauran su dawo su fasa ƙofar, ko yarinyar can tana numfashi. Hafsatu ta juyo ta ce, "Malam, mi aka ciki?" Na ce, "Har inda na gani, ba a buɗe su ba." Ta ce, "Yanzu fa?" Na ce, "Ban sani ba, Hafsatu." Ban iya yi mata ƙarya ba.

Labari ya bazu cikin gari. Iyaye da dangi suka cika harabar makaranta, kowa yana son ya ji daga bakina. Alhaji Labbo ya tsaya a bakin ƙofa ya tare su, yana ba su haƙuri, yana roƙon kada wanda ya kira wayar Malama. Wani mutum ya ɗaga murya ya ce, "Kun gani da idonku kuma kuna zaune?" Alhaji ya ci gaba da ba su haƙuri. Aka kira azahar, na yi salla a gefen tebur, ban san abin da na karanta ba. Ina sallamewa na koma ina kallon shafin da ba ya motsi.

Sai bayan la'asar wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka. Murya a dishe ta ce, "Malam Sahabi, Saratu ta. Mun fito. Yara duka lahiya."

Na miƙa wa Alhaji wayar, na zauna a ƙasa. Ina ji yana cewa alhamdulillahi, yana tambaya, sannan ya kira Hafsatu ya sa mata wayar a kunne. Yarinyar da numfashinta ya sarƙe ba Nana ba ce, wata ce, kuma ta farfaɗo da aka fito da ita iska. Malama Saratu ta ga rabin saƙona kafin sabis ya ɗauke. Ta riƙe yaran cikin duhu da zafi, waɗansu sun yi fitsari a tsaye, har sai da ta ji muryar ƙanen mijinta yana kiran sunanta tare da jami'an da suka iso. Mazan da suka shiga gero su ma suka dawo ɗaya-ɗaya kafin magariba.

Amma garin bai tsira ba. An kore dabbobi, an fasa shaguna, an tafi da mutane, an rasa rayuka. Cikin waɗanda aka rasa har da Baba Jatau. A bakin ƙofar makarantar aka same shi.

Bayan kwanaki, ofishin shiyya ya kira ni na ba da bayani, kuma aka rufe makarantar ƙauyen. Yawancin mutanensa suka watse, waɗansu Gandi, waɗansu Rabah. Da na ji Malama Saratu tana gidan 'yan'uwanta a Gandi, na ɗauki maiɗakina muka tafi yi musu jaje. Ranar na fara ganinta a fili. 'Yar ƙaramar mace ce, ba kamar yadda kyamara ke nuna ta ba. Muka gaisa, na fara yaba mata, sai ta girgiza kai ta ce, "Malam, ni cikin duhu nike, ban ga komi ba. Kai ka gan su. Kana samun barci kuwa?"

Na ce mata gaskiya, ba na samu. Ta ce, "Ni ma haka. Allah shi yaye muna." Sannan ta tambaye ni ko za a iya samun wata kwamfutar, don yaran da suka dawo Gandi suna zaune ba karatu, ga jarrabawa tana matsowa. Bayan kamar wata guda aka samu. Ta ci gaba da tsaya musu a wani aji da aka ba su aro.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Za a koya muku yadda ake buɗe kira, da raba shafi, da duba aikin yara, kuma duk abubuwa ne masu amfani. Yaran da ba su taɓa ganin malamin kimiyya ba sun samu ta wannan hanya. Amma tun daga ranar na ƙara wasu ƙa'idoji da ba su cikin littafin bita. Ka san inda maɓallin rufe muryar kowa yake har ka iya danna shi ido a rufe. Ka kulle makirufon sauran azuzuwa kafin ka fara, sai wanda ka ba dama. Ku yi yarjejeniya da malamin can cewa in abu ya faru, lasifika zai fara cirewa, kuma a shafi za ku yi magana, ba a waya ba. Ka tambaye shi ina zai kai yara, wa ke riƙe da mukulli, akwai iska a wurin ko babu.

Kuma kada zaman gari da riƙe babbar kwamfuta su sa ka ɗauka kai ne mai ajin. Kai murya ce da hoto; in an zare waya ɗaya ka ɓace. Wanda ke tsaye cikin ɗakin, yana shaƙar iska ɗaya da yaran, shi ne zai yanke shawara lokacin da kai ba ka nan, kuma da ransa zai yanke ta. Saboda haka gobe in an ba kowannenku sunan abokin aikinsa na ƙauye, kada ku fara da aika masa jadawali. Ku kira shi ku gaisa, ku tambayi iyalinsa, ku tambaye shi yadda hanyar garinsu take kwanakin nan. In ya yi shiru kafin ya amsa, ku jira shi.